Rumbun Gwajin Da Na Goge

Edita, a farkon dawowar mulkin farar hula, ni ake kira injiniya a wata ƙungiyar manoma ta Rano da Kibiya, alhali difloma kawai gare ni sai rawar kai. Ni na haɗa musu ma'adanar sunaye a kwamfuta, na raba ta gida biyu: rumbu, inda sunayen suke zaune, da fuska, wadda magatakarda yake buɗewa ya cike. Fuskar nake sabuntawa lokaci-lokaci, in sake ɗaura ta da rumbun.

Magatakardan Kibiya dattijo ne, tsohon malamin firamare, da yatsa ɗaya yake bugawa yana bismillah. Ni na zuga shi ya daina tara takardu, na ce kwamfuta ba ta mantuwa, ba ta ƙarya. Ya yarda da ni ɗari bisa ɗari. Da ya gama shigar da suna sai ya miƙa wa mai ƙosan bakin ofis takardar.

Wata rana na je gyaran fuska, na kwafi rumbun don gwaji, na ɗaura fuskar da kwafin. Ina sauri kada motar Rano ta cika, na tafi ban mayar da ita rumbun asali ba. Wata uku bawan Allah yana zuba sunayen manoman ƙauyen Durba cikin kwafin bai sani ba. Da na dawo na ga fayil mai suna gwaji, na ɗauka shara ce, na goge shi, na sabunta fuskar na ɗaura ta da rumbun asali kamar yadda na saba. Wallahi ko leƙawa ban yi ba.

Da taki ya iso farkon damina, aka buga sunayen waɗanda za a raba wa, babu mutumin Durba ko ɗaya a sababbin shiga. Nan take aka ce Malam ya sayar da gurabensu. Na shafe kwana huɗu ina tonon na'urar, har Kano na kai ta, aka ce an riga an rubuta wasu bayanai a kai, ba za su dawo ba. Takardu kuwa sun tafi da ƙosai. Hankalina ya tashi, na rasa inda zan sa kaina.

Ranar zaman kwamiti Malam ya dube ni ya ce, "Ɗana, faɗa musu na shigar." Tsoron rasa aikina ya kama ni. Na sunkuyar da kai na ce ni dai abin da na sani, kwamfuta ba ta ƙarya. Ya ajiye makulli ya ɗauki hularsa. Na yi ta cewa gobe zan je in roƙe shi gafara, har aka ce mini ya rasu.

Masu wannan sana'a, kada ku bar wuri sai kun tabbatar inda fuska take zubawa, kada ku goge abin da ba ku buɗe ba, kada ku raba dattijo da takardarsa. In kun yi kuskure ku faɗa da zafinsa. Har yau a Durba akwai masu kiran Malam ɓarawon taki, ni kuma suna kirana injiniya.