Kunnen Rahila

Kakata, mahaifiyar Baba, ta zo Akokan, kusa da Arlit, daga ƙauyenmu na ƙasar Maradi don ta kula da Mama lokacin da aka haifi ƙanwata Rahila. Ta ce wata biyu za ta yi. Shekara goma sha ɗaya ta yi. Kullum tana mita cewa garin da ba a noma ba wurin zama ba ne, ga tsadar itace, ga ruwa mai ɗanɗanon ƙarfe, amma duk ranar da Baba ya ce zai yanko mata tikitin mota sai ƙafarta ta tashi da ciwo.

Baba a ƙarƙashin ƙasa yake aiki, a ramin ma'adinai. Makon da yake aikin yamma, mu muke samun Kaka. Da an ci tuwo, musamman lokacin ɗari, sai ta jawo furno, ɗan murhun gawayi, bakin ƙofar ɗakinta, ta lulluɓe da bargo, ni da yayana Ishaya mu matso. Labaranta iri biyu ne. Akwai na gizo da kura, waɗanda take buɗewa yadda kowace tsohuwa ke buɗewa. Akwai kuma labaran Littafi Mai Tsarki, su kuwa sai ta gyara zama ta ce, “Wanga ba tatsuniya ba ce, ya faru. Ku buɗe kunne.”

Kaka ba ta iya karatu ba. A ka ta riƙe labaran, tun tana amarya take jin su a majami'a. Ishaya, da yake ya shiga aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, ya ɗauki kansa malami, sai ya riƙa ɗana mata tarko da tambayoyi. Ina Kayinu ya samo mata? Idan Allah ya san Adamu zai ci ɗan itacen, don me ya dasa shi? Wani lokaci ta amsa, wani lokaci ta ce, “Maigida, in ka riga ni zuwa sama ka tambaya, ka aiko mini.” Haka take kiransa, maigida. Ni kuwa ƙawata take ce mini.

Ni ba na tambaya. Ina da tawa tambayar, amma tsoronta nake ji.

Rahila tana da wata biyar aka fara ba ni goyonta. Ina shekara takwas. Wata rana na je famfo da ita a bayana, na taka santsi na faɗi, kanta ya bugi bakin siminti. Ta tsala kuka, na jijjiga ta har ta yi shiru, na duba babu jini. Na dawo gida ban faɗa wa kowa ba. Bayan shekara ɗaya da wani abu aka lura ba ta waiwayowa idan an kira ta. Baba ya kai ta likita a Arlit, daga can aka tura su Agadez, suka dawo da magana ɗaya: yarinyar ba ta ji, ba kuma za ta ji ba.

Ranar wata Lahadi bayan an tashi sujada, wata mata daga zumuntar mata ta ja Mama gefe. Ina riƙe da zanen Mama, na ji komai. Ta ce irin wannan abu ba ya sauka a gida haka kawai, Mama ta binciki gidanta, akwai zunubin da aka ɓoye ba a furta ba. A hanya na ga Mama tana share ido da bakin kallabi. Ni kuwa na san ko wane zunubi ne, na kuma san mai shi.

Kwana uku ba na cin abincin kirki. A rana ta uku da yamma Kaka ta aiki Ishaya ya taya Mama wanke kwanuka, abin da bai taɓa yi ba. Muka rage ni da ita da Rahila, wadda ke barci a cinyarta.

“Ƙawata,” ta ce, “mi ke cin ki?”

Na ce babu komai. Ta ci gaba da tona gawayi da ɗan ƙarfe, ba ta dube ni ba. Sai kuka ya ƙwace mini. Na faɗa mata famfo, da santsi, da simintin. Na ce ni na kashe wa Rahila kunne, kuma saboda na ɓoye ne Allah ya ƙi warkar da ita.

Ban manta yadda ta ajiye ƙarfen nan ba. Ta ce, “Shekara ɗai da rabi kina ɗauke da wanga kaya ke kaɗai?” Ta jawo ni cikin bargonta. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Tun kafin suna, in ji ta, wata tasa ta suɓuce mata ta faɗi dab da kan jaririyar, ƙarar har maƙwabta suka ji, Rahila ko motsi ba ta yi ba. Tun ranar ta sani. Ta yi shiru ne don Mama tana jego, tana kuma fatan ko ta yi kuskure.

“Haka ta zo duniya, ba ta ji,” ta ce. “Faɗuwarki ba ta ƙara komi ba. Ɓoyewar ce ba ta da kyau, ita ma ga shi kin faɗa, ta wuce. Yanzu gyara zama. Wanga ya faru.”

Ta ba ni labarin wani mutum da aka haifa makaho, yana zaune a bakin hanya. Yadda Kaka take faɗa, sai ka ga kamar a ƙofar kasuwar Arlit yake. Yesu ya zo wucewa da mabiyansa, sai suka tsaya a kan mutumin suna tambaya ko laifin wa ya jawo masa, nasa ne ko na iyayensa.

“Ki lura,” in ji Kaka, “makaho ne, ba kurma ba. Shina jin su. Suna tsaye bisa kansa suna rabon laifi kamar ba ya nan.”

Yesu ya ce musu ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba, sai dai don aikin Allah ya bayyana a kansa. Ya durƙusa ya kwaɓa ƙasa da yawunsa, ya shafa masa a ido, ya ce ya je tafki ya wanke. Ya je ya wanke, ya dawo yana gani. Maƙwabta suka shiga gardama ko shi ne ko mai kama da shi. Manyan gari suka kira iyayensa, iyayen suka tsorata suka ce a tambaye shi, ai ba yaro ba ne. A ƙarshe, da ya nace cewa Yesu ne ya buɗe masa ido, aka kore shi. Da Yesu ya ji, ya bi sawunsa har ya same shi.

Na juya labarin a raina. Sai na yi tambayar da ta fi ta farko nauyi. Na ce, “To Kaka, shi an warkar da shi. Don me ba a warkar da Rahila ba?”

Na zaci za ta ce in tambaya idan na je sama. Ba ta yi wasa ba. Ta daɗe tana kallon fuskar Rahila, sannan ta ce, “Ban sani ba, ƙawata. Na roƙa, ina kuma roƙo. Abin da na sani, su sun tsaya suna tambaya, shi ya sunkuya ya taɓa shi. Ke ma ki bar neman mai laifi. Ƙanwarki tana bukatar wanda zai koyi yi mata magana.”

Washegari muka fara, ni da Kaka, muna ƙirƙiro alamu da hannu: ruwa, tuwo, Baba ya tafi aiki, zo nan. Mama ta shigo, daga baya Ishaya. Ita kuwa matar zumunta, Kaka ta same ta Lahadi mai zuwa. Ban ji abin da suka ce ba, amma bayan kwana biyu ta zo gidanmu da kwanon dabino, ta zauna tana ta gaishe da Mama fiye da kima.

Kaka ta rasu ina aji na ƙarshe a sakandare. An rufe ramin da Baba ya yi aiki, mutanen unguwarmu sun watse, wasu sun nufi haƙar zinariya a Tchibarakaten. Rahila tana nan Arlit, tela ce, mata na layi a shagonta kafin Sallah da Kirsimeti.

Shekaru uku da suka wuce na haifi ɗana na fari bai zo da rai ba. Duk abin da Kaka ta koya mini sai ya gudu. Na kwanta ina lissafa laifina: ko tafiyar da na yi da tsohon ciki zuwa Agadez a kan hanya mai gargada ce, ko don na yi sakaci da addu'a. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa, kowa da bayaninsa. Rahila ta rufe shagonta ta tare a ɗakina. Ta dafa mini ruwan wanka, ta tsefe mini kai, ta zauna a bakin gado ta hana ni kwana da yunwa.

Ba zan ce an hana Rahila ji don ni in koyi wani abu ba, Kaka ma ba za ta yarda da wannan magana ba. Tambayata ta biyu har yau ba ni da amsarta. Amma a rana ta huɗu na nuna wa Rahila ƙirjina da alamar laifi. Ta kama hannun nawa ta sauke shi, ta girgiza kai, ta ɗauko kwanon kunu ta sa mini a tafin hannu. Na sha.