Ƙoran Matan Tsamaye

Abin da na kusa rasawa a waccan shekarar shi ne geron Tsamaye, na kakar da muke ciki a lokacin da na shekarun da za su biyo baya. Ni ɗan hatsi ne a kasuwar Sabon Birni. Da kwanon awo guda na fara a gefen rumfar wani, har Allah ya sa na gina sito na bulo mai ƙofar ƙarfe. Mafi yawan abin da ke cika siton daga hannun magidantan Tsamaye yake fitowa. Shekaru na yi ina zuwa sunansu da gaisuwar rasuwarsu kafin suka yarda amalankensu ya wuce sauran masu saye ya tsaya a ƙofata. Wannan ne ƙanwata ta kusa wargaza mini da gwangwanin fenti.

Ita ce autarmu. Tun tana rarrafe ba a ajiye gawayi kusa da ita, bangon ɗakin Inna bai taɓa kwana biyu da tsabta ba. Da ta girma ta nace sai ta tafi Sakkwato koyon zane, ta dawo da buroshi da magana guda da take maimaitawa ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba: mata ke yin aikin, maza ake gani. Ni ban taɓa yi mata musu ba, don musu da ita ɓata yini ne.

Bangon sitona yana fuskantar hanya, fari fat. Akwai mai rubuta alluna a garin Isa, amma na ga ba dalilin ɗauko baƙo ina da mai zane a gida. Na gaya mata abin da nake so: buhu babba, kwanon awo, lambar waya da za a karanta daga kan babur. Sharaɗi guda na sa, ban da fuskar mutum, don ta nan ake bi zuwa masallaci kuma ba ni son surutu. Ta ce to.

Na tafi cin kasuwa Isa, na ɗan daɗe. Ranar da na dawo sai na tsaya a tsakiyar hanya. Daga wannan kusurwa zuwa waccan mata ne a masussuka, wasu da taɓare a sama, wasu sun ɗaga ƙorai suna shiƙa, ƙaiƙayi na tashi. Duk sun juya baya. Buhuna yana can ƙasa a lungu, bai fi tafin hannu ba, kuma a yamushe.

"Ina buhun da na ce?"

"Ga shi can, Yaya. Ai sai sun ƙare aiki shi cika."

Na tuna mata sharaɗina, ta ce in nuna mata fuska ko guda. Babu kam. Amma ashe kafin ta fara ta yi zama gidan goggonmu a Tsamaye, kullum tana masussuka da takarda, kuma ƙoran da ta gani ta zana su yadda suke. A wurinmu kowace mace ta san ƙwaryarta kamar yadda ta san ɗanta. Wata an yi mata shaida da ƙarfe mai zafi, wata ta tsage gyartai ya ɗinke ta. Da shaidar ake rarrabe su bayan biki, kuma mazan ma sun san su tunda a ciki suke shan fura.

Ranar kasuwa wani dattijo, wanda ya fi kowa kawo mini hatsi, ya tsayar da shanunsa ya daɗe yana kallo. Sai ya nuna da sanda ya ce waccan mai ɗinki a baki ta gidansa ce. Kafin azahar an gama rabon matan bangon, kowa da mijinta. 'Yan kabu-kabu suka samu abin yi, suna tambayar magidanci ko ya gaida iyalinsa da ya wuce. Da la'asar dattijon ya zo ya ce mini a madadin sauran, ko dai bangon ya koma fari ko kada in ƙara sa ran ƙwayar gero daga Tsamaye.

Na sayo farar ƙasa. Ita kuma ta zo ta tsaya gaban bangon da hijabinta duk fenti, ta ce babu wadda ta zana ba da yardarta ba, har wasu gida suka koma suka ɗauko ƙwaryar da suka fi so. Na ce yardarsu ba ta cika sito. Muka kai ƙara wurin Inna, ita ko abin da ya dame ta daban: me ya sa ba a sa tata ƙwaryar ba.

Da safe na fara shafewa da hannuna. Na kai rabi ke nan sai ga tsofaffin matan Tsamaye da ke kawo kuka da daddawa kasuwa. Wadda ke gaba ta duba farin wurin ta dube ni.

"Alhaji, nan nike tsaye jiya. Wa ya ce ka shahe ni?"

Na ce mazansu ne. Ta ce mazan ba su riƙe taɓarya ba. Ta ƙara da cewa mata suna da geron gayaunarsu, 'yan gonakin da suke nomawa na kansu, da wanda ake ba su ladan sussuka, kuma sun aiko ta ta ce idan na bar sauran, wurina za su riƙa kawowa, idan ko na ƙarasa shafewa, maƙwabcina mai sayen hatsi ya fi kusa. Na tsaya da buroshi yana ɗiga a kan takalmina. Ba hali in maido waɗanda na shafe, ba hali in ci gaba. Haka bangon ya zauna, rabi fari rabi mata, ba wanda na gamsar.

Ƙanwata ta ɗauki hotonsa a haka, kuma wannan hoton ne ya fitar da ita. Aka gayyace ta Abuja, aka gayyace ta Yamai, yanzu zanen ƙorai da taɓare ne sana'arta, har tana koyar da 'yan mata. Duk inda ta je sai ta ce ga yadda ake shafe aikin mata, wani ɗan kasuwa ne ya yi. Ba ta taɓa ƙarawa da cewa bangon nasa ne, fentin ma shi ya saya.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Wasu magidantan sun dawo da kaka ta zagayo, amma dattijon nan har yau maƙwabcina yake kai wa. Geron mata yana zuwa tiya-tiya, tas ba tsakuwa, sai dai in yini ina awon abin da amalankensa guda ke saukewa kafin hantsi. Allon da na guje wa biya, ƙarshe sai da na ɗauko mai rubutun nan na Isa ya rubuta mini. A lissafin buhu na faɗi, ban kuma farfaɗo duka ba. Abin da na samu shi ne baƙo ba ya ɓata, ko daga Kurawa ya fito, da ya ce siton ƙorai za a nuna masa. Kwanan baya ta ce za ta sake mini ɗaya bangon kyauta. Na ce za ni yi tunani, na sa aka jingine buhunan dusa a jikinsa.