Na Yi Kishin Karyayyar Ƙafa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san na ɓace muku. Masu turo saƙo kuna tambayar ina awara, ina kunun gyaɗa, ku yi haƙuri, ba yaji na yi ba. Jinya na yi, kuma yau na ga dama in faɗi irinta.

Abin ya fara da ɗan ƙullutu a gabana, ta gefen hagu, kamar ƙwayar gyaɗa. Na ce sanyi ne, tunda mu matan Sabo duk abin da ya same mu daga cibiya zuwa ƙasa sunansa sanyi. Na sayi agbo, jiƙon saiwoyi, wajen Iya mai tallan magani, na dafa bagaruwa ina shiga ruwanta. Ƙullutun bai ma san ina yi ba. Ya kai girman ƙwai, ya ɗau zafi, zama ya gagare ni.

Maigidana, Baban Ummi, yana arewa wajen lodin albasar da zai kawo kasuwar Shasha. Ko yana nan ma, ban san da wane baki zan fara ba.

Ana cikin haka sai Hajara, maƙwabciyata da muke tsakar gida ɗaya, ta faɗo daga okada a Mokola ta karya ƙafa.

Kun dai san dubiya a Sabo. Tun hantsi mata ke sallama, wannan da ayaba, wannan da lemo, waccan da farfesun kaza a kula. Hajara na kishingiɗe, an ɗora ƙafar mai farin filasta a kan filo, tana ba da labarin faɗuwar, kullum labarin na ƙara tsawo. Kowa na cewa, "Sannu Hajara, Allah ya sa kaffara ne."

Ni ce mai shimfiɗa tabarma, ni ce mai kawo ruwa.

Wallahi kishi na yi. Ba na miji ba, ba na atamfa ba, kishin karyayyar ƙafa. Ina kallon filastar nan ina cewa ina ma tawa ce. Ciwonta yana da suna, ana nuna shi da yatsa, har liman ya aiko da addu'a. Ni kuwa ko wash na ce sai an tambaye ni ina ne, shi ya sa nake haɗiye abina.

Yabo ne ya fi ƙona min rai. Wata dattijuwa ta ce, "Kai, Maman Ummi akwai zumunci, tun da muka zo ba ta zauna ba." Na yi mata murmushi, zufa na bin bayana.

Hajara ta miƙo min cinyar kaza. "Ci mana ƙawata, kin sha wahala da ni." Na ce na ƙoshi. Na shige ɗaki na yi kuka, ina jin haushin baiwar Allah da ba ta yi min komai ba.

Sai zazzaɓi ya shigo da rawar sanyi. Wata rana da azahar ina ɗauke da tiren kofuna, jiri ya kwashe ni. Abin da na ji na ƙarshe ihun Hajara ne: "Jama'a ku nemo keke napep!"

A sashen gaggawa na asibiti aka auna zafin jikina, aka sa min ruwa. Likitar mace ce, Bayarabiya mai jin Hausa. Ta ce ina ke ciwo. Yayar mijina, Anti Larai, na tsaye a kaina, sai na ce zazzaɓi ne kawai. Likita ta dubi yadda na kwanta a karkace, ta ce Anti ta ɗan jira a waje, ta ja labule.

"Oya, yanzu faɗa min."

Na faɗa, ina kallon bango.

Ta duba ta ce, "Pele, sannu. Maruru ne. Akwai 'yar jaka a wurin mai fitar da danshi, bakinta ya toshe ta tara mugunya. Yana samun mace ko ba wanda ya yi laifi." Ta ce cutar ta fara taɓa jini, da na ƙara jinkiri da maganar ta zama wata.

Nan tsoro ya kama ni. Ummi na tuna, ko yaye ta ban daɗe da yi ba.

Suka yi min allurar kashe zafi, suka tsaga, suka ɗebi mugunyar da jinina don gwaji. Aka ba ni gado. Allura ta jijiya safe da yamma, wankin ciwo kullum, ina cije gefen zani. Jarin awarata kaf ya tafi a gwaji da magani, sai da Baban Ummi ya dawo ya cika. Gwaji ya nuna ba ciwon da ake ɗauka wajen kwanciya ba ne. Da na yi masa bayani, sai ya ce, "Haba Maman Ummi. Da kin mutu fa, me zan ce ya kashe ki?"

Na dawo gida na samu dubiyar da nake ta kwaɗayi, har da farfesun. Sai dai Anti Larai ta riga ta shaida wa unguwa taifot ne. Aka yi ta kawo min ganyen gwanda da na mangwaro, ana ja min kunne kan ruwan sha. Ina amsa sannu a kan ciwon da ban yi ba, farfesun ma bai min daɗi ba.

Alhamdulillah na warke, ina zama daram a gaban kaskon suya. Na gode wa likitar nan da nas-nas, da Baban Ummi, da Hajara da ta riƙe min Ummi tana dogara sanda.

Mata, in kin ji ƙullutu, ƙuraje, ƙaiƙayi ko ruwa mai wari, kar ki yanke wa kanki cewa sanyi ne. Kar ki matse, kar ki cusa komai. In ya haɗu da zazzaɓi, ranar ki tafi asibiti. In kina jin nauyin 'yar rakiya, ki ce ta jira a waje, ana yin haka.

Ku kuma da kuka kawo min ganyen gwanda, Allah ya ba da lada, amma ba taifot na yi ba. Maruru ne a gabana, ya kusa kashe ni don na kasa faɗin inda yake. Yau ga shi na faɗa da bakina.