Justina Unrau, Wadda Ta Ci Abincin Lahadi a Tsaye

Haihuwa da Ilimi

An haifi Justina Kehler a ranar 14 ga Maris, 1909, a ƙauyen Rosengart da ke lardin Manitoba na ƙasar Kanada. Mahaifinta Isbrand Kehler manomin alkama ne, mahaifiyarta kuma Aganetha 'yar gidan Doerksen ce, dukansu 'yan ikilisiyarmu ta Mennonite, waɗanda ba sa wasa da abin da suka gada. Ta shiga makarantar ƙauye tana da shekara shida, inda ta koyi karatun Littafi Mai Tsarki da Jamusanci, da ɗan lissafi gwargwadon buƙatar matar manomi.

Hijira

A shekarar 1922, bayan hukuma ta wajabta koyar da yara da Turanci, dattawa suka yanke shawarar hijira zuwa jihar Chihuahua ta Meksiko. Iyalin Kehler suka hau jirgin ƙasa da shanunsu da dawakansu da buhunan busasshen burodi. Suka sauka a fili fetal, suka raɗa masa suna Rosengart, ko da yake ban da sunan babu abin da ya haɗa shi da na baya.

Aure da Zuriya

An yi mata baftisma a 1929, sannan a ranar 19 ga Oktoba, 1930, aka ɗaura aurenta da Diedrich Unrau, mutum mai gaskiya, mai tsadar magana. Ubangiji ya albarkace su da 'ya'ya goma, uku suka koma tun suna ƙanana. Rayuwarta ta tafi a kan tsari guda: tatsar shanu safe da yamma, lambu, ɗinki, gasa burodi ranar Asabar. Babban farin cikinta shi ne yammacin Lahadi, lokacin da 'ya'ya da jikoki ke cika teburinta ana shan gahawa da burodi da cuku, ita tana zaune a ƙarshen tebur tana gyara wa kowa zancensa.

Shekarun Jarrabawa

A 1961 ɗanta na uku, Isbrand, wanda ya ci sunan kakansa ya kuma gaji taurin kansa, ya cire wa taraktarsa ƙafafun ƙarfe ya sa mata tayoyin roba. A wancan zamani wannan babban laifi ne a wurinmu, domin dattawa na ganin roba ce za ta riƙa kai samari gari. Aka gargaɗe shi ya ƙi ji, ikilisiya ta ware shi. Hukuncin sananne ne: ba a musafaha da wararre, ba a karɓar abu daga hannunsa, ba a zama da shi a teburin abinci, ko da kuwa kai ka haife shi.

Abin ya yi wa Justina zafi ƙwarai, amma ba ta ja da ikilisiya ba. Ta je wurin dattijonmu, Ohm Bernhard, da tambaya ɗaya.

"Ohm, an hana ni zama da shi. An hana ni ciyar da shi?"

"Ba a hana ba," in ji shi.

Ranar Lahadi ta ajiye wa Isbrand ɗan tebur kusa da murhu. Ita kuwa ba ta zauna a nasa ba, ba ta zauna a babban ba. Ta ci abincinta a tsaye tsakanin teburan biyu, ta ce muddin ɗanta na gefe, ita ma kujera ta haramta gare ta. Haka ta yi shekara ashirin da biyu.

Mijinta yakan ce, "Haba Justina, zauna mana, dubi yadda ƙafafunki suka kumbura."

"Ƙafafuna ne, kuma ba na roba ba ne. Ba wanda zai ware ni a kansu."

Maƙwabta sun yi gulma har sun gaji. A waɗannan shekaru ta aurar da sauran 'ya'yanta, ta binne mijinta a 1974, ta kuma ci gaba da raira waƙoƙin sujada a wurin tatsa da muryar da ba ta taɓa yin daɗi ba.

Tsufa

Zamani ya juya, tayar roba ta zama ruwan dare, har jikokin waɗanda suka yanke hukuncin suna hawa. Sai dai wararre ba ya dawowa sai ya tsaya gaban jama'a ya nemi gafara, Isbrand kuwa ya ce bai ga abin da zai tuba a kai ba. A farkon 1983 ƙafafun Justina suka gaza, amma wata Lahadi aka same ta jingine da bango, kofinta a hannu. Isbrand ya ce, "Mama, don Allah ki zauna." Ta ce, "Sai ka dawo babban tebur."

A makon nan ya tsaya gaban ikilisiya ya ce, "'Yan'uwa, har yau ban ga laifin taya ba, amma na ga ƙafafun uwata. Ku yafe mini." Ba irin tuban da littafi ya tsara ba ne, amma ikilisiya ta karɓe shi. Lahadin da ta biyo baya Justina ta zauna, ta karɓi burodi daga hannun ɗanta, ta yi masa ƙorafin cewa ya yanka shi da kauri kamar abincin doki.

Rasuwa

Ta yi barci cikin Ubangiji a ranar 6 ga Yuni, 1983, tana da shekara saba'in da huɗu, aka binne ta a maƙabartar Rosengart ta Chihuahua. Ta bar jikoki arba'in da ɗaya da 'ya'ya bakwai: Aganetha, Kornelius, Isbrand, Susanna, Wilhelm, Margaretha da Judith. Bayan jana'iza su bakwai ɗin suka ci abinci a tebur ɗaya, kowa a zaune.