Yadda Gwaggo Ta Koma Kasuwa

Jiya da hantsi kafintan da ke maƙwabtaka da mu yana ƙwanƙwasa katako a hankali, ƙwas, ƙwas, sai na ji kamar Gwaggo ce ke tahowa. Haka takalman hannunta suke ƙara in ta biyo ta soro. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni. Ƙafafunta sun shanye tun tana ƙarama, don haka da hannu take tafiya, da wasu katakai biyu masu mariƙi da kakana ya sa aka sassaƙa mata. Kada ka ji haka ka ɗauka mai zaman jiran sadaka ce. Ƙosanta ya yi suna a ƙauyenmu da ke tsakanin Gaya da Ajingi, har mutanen Toranke in sun zo cin kasuwa sai sun nemi inda kaskonta yake.

Zamanin Turawa ne, gyaɗa tana tashe. Wani rani aka zo da leburori aka fitar da hanyar mota ta tsakiyar gari, don a riƙa kwasar buhuna zuwa Kano. Aka ɗaga ta da jar ƙasa, aka haƙa lambatu mai zurfi dama da hagu. Mu yara murna muka yi, muna bin mota a guje muna ihu. Sai daga baya muka gane an raba garin biyu, gidaje a gabas, kasuwa da babbar rijiya a yamma.

Masu ƙarfin ƙafa suna tsallakewa. Jakai kuwa sai su toge a bakin ramin, in an samu sun hau, mota ta yi oda, su firgita su watsar da kaya. Tsofaffi suka daina zuwa kasuwa. Gwaggo ba ta daina ba. Takan gangara ta hauro da ƙyar, gwiwoyinta duk a kurje. Da damina ta sauka ramin ya cika, ranar wata kasuwa ta zame ta faɗa ciki, ruwa ya fara janta, wasu Fulani masu tallar nono suka tsamo ta. Ranar ta kife kaskonta a bayan ɗaki. Matar da ba ta rabo da raha ta koma zaman shiru, ko tsokanata ta daina yi.

Kakana shi ne mai unguwa, dattijo ne marar yawan magana. Ya aika aka kira malamin da ke kula da aikin hanyar, wani saurayi Bakano, suka zauna a soronmu ina jinsu daga tsakar gida.

"Malam, hanyarku ta yi kyau, mota tana jin daɗinta," in ji kakana. "To mai jaki fa? Wanda ba shi da ƙafa fa?"

Malamin ya ce, "Baba, hanyar mota aka ce in yi, ba ni da ikon rage ta. Amma abin da ke bayan lambatu naku ne. In kun samo azara da mutane, zan nuna muku inda za a ɗora gada ruwa bai tafi da ita ba."

Matsalar ita ce babu fili a bayan lambatun. Katangu da dangogi sun zo har bakinsa, kuma ba wanda ya yarda ya ja nasa baya. Aka yi ta magana a ƙofar masallaci, kowa yana kawo uzuri. Wata safiya muka ji ƙarar diga. Kakana ne yake sarar fuskar soronsa, soron da mahaifinsa ya gina, inda yake zama yana sasanta mutane. Mahaifina ya fito yana ba shi haƙuri, kakana ya ce masa, "In ban fara da nawa ba, da wane baki zan ce wani ya rushe nasa?" Kafin azahar maƙwabcinmu ya fara tuge dangarsa. Wasu sun yi ta ƙorafi har aka gama, amma sun ja.

Bayan kaka aka yi gayya da kiɗa. Aka fitar da hanya a gefe ta jakai da raƙuma da masu keke da masu tafiya da ƙafa, aka dasa darbejiya a jere tsakaninta da ramin. Aka shimfiɗa azarar giginya daidai kasuwa da daidai rijiya. Malamin hanya ya sa aka mayar da wurin tsayuwar motoci bayan gari.

Da aka gama gadar kasuwa kakana ya hana kowa hawa, ya ce a kira Gwaggo. Ta zo gari duk ya taru, ta hau har tsakiyar gangaren da ke kaiwa kan gadar ta tsaya tana haki.

"Baba, tudun nan ya yi tsauri. Kuma akwai rata tsakanin azarar, katakona zai maƙale."

Nan take ya ɗauki fartanya. Aka kwantar da gangaren, aka cike ratar da yumɓu aka daɓe. Da ta sake gwadawa ba ta tsaya ba sai a ɗaya ɓangaren. Mata suka rangaɗa guɗa. Ita kuwa ta waiwayo ta harare ni ta ce, "Ke kuma tsayuwar me kike yi? Je ki jiƙa min wake."

Yau an shimfiɗa kwalta a hanyar, an yi lambatun siminti, shaguna sun cinye hanyar gefe. Ni ma yanzu da sanda nake tafiya, in na je Gaya sai na tsaya jiran mai riƙe min hannu kafin in tsallaka. Kwanan baya na ga wani matashi a keken guragu yana tuƙawa da hannu tsakanin tirela da babura, don ba shi da wata hanyar. Na bi shi da ido ina addu'a har ya ɓace. Da masu tsara titunan birane za su tambaye ni, abu ɗaya zan roƙe su: kafin a buɗe titi, a kira irin wannan yaron ya fara bi, in ya ce a gyara, a gyara. Allah Ya jiƙan dattijon da ya saurari 'yarsa a gaban gari.