Bakansin Tsohon Planto

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne, kuma ba yaro ba ne, dattijo ne mai furfura har a gira. Planto na yi, wato masinja, a wani ofis nan Matamaye, ina kai takardu bisa keke har gwiwoyina suka fara ƙara. Karatuna na lakwal a aji uku ya tsaya, amma na iya "wi mushe", wato "to, ranka ya daɗe" na Faransanci, da kyau, har baƙi kan ɗauke ni akawu. Na bar aiki, mai ɗakina ta rasu, Allah Ya jiƙanta, ƴaƴa maza suna Kano, matan suna ɗakunansu. Gida ya rage daga ni sai keke sai akuya ɗaya, ita ma ba ta cika son hira ba.

Ina da maƙwabci, wani Malam, tsohon maɗinki da idonsa ya tafi. Kullum la'asar muna kan dakalin ƙofar gidana, ina tsokanarsa yana ramawa. Ran Juma'a in kaɗa masa ƙararrawa ya fito, in goya shi zuwa masallaci, yana riƙe da rigata yana cewa in bi a hankali, ba buhun gero na ɗauko ba. Ban taɓa sa wannan a cikin zumunci ba. Kamar katangar gida na ɗauke shi, abin da ke nan kullum.

Wata damina mushen lakwal ɗin unguwarmu, wato malamin makarantar boko, ya ce zai tafi bakansi. Na tambaya, ya ce hutu ne na ma'aikata, mutum ya zaga ya ga ƴan'uwa. Na ce ashe an daɗe ana cin haƙƙina ban sani ba. Ina da tsofaffin abokai uku, ɗaya a Kurni, ɗaya a Yawuri, ɗaya a Tsauni. Har na tsara yadda za a yi: in kaɗa ƙararrawa, a fito a guje, a shimfiɗa tabarma, zakara ya rasa ransa. Ran Laraba da sassafe na bar wa akuya harawa na ɗaure ƙunshina, ban gaya wa Malam ba, don na san dariya zai yi mini.

Ban kai Kurni ba ruwa ya sauko. Na yafa leda, iska ta karɓe ta. Na isa ƙofar abokina jiƙe sharkaf, na kaɗa ƙararrawa har yatsana ya gaji, ko kaza ba ta leƙo ba. Duk gari yana gona ana maimai. Wata tsohuwa da aka bari tsaron gida ce ta gaya mini ai ya rasu tun kakar bara. Na yi masa addu'a a tsaye, ruwa na zuba daga hulata, na kwana a rumfar masallaci.

Washegari na nufi Yawuri. A fadamar masu rake laka ta kama taya, keken da ya kamata ya ɗauke ni, ni na saɓa shi a kafaɗa. Abokina na can a gona na same shi. Da ya hango ni sai ya saki hauya ya hau salati, yana tambaya wa ya rasu, don ba mai zuwa ziyara tsakiyar damina in ba da mugun labari ba. Na ce lafiya lau, bakansi ke gare ni. Ya dube ni da tausayi ya ce Allah Ya sawwaƙe, ko na je likita. Ya ba ni fura, ya ce in jira shi a gida, ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Da ya dawo bai gama tambayata mutanen gida ba barci ya kwashe shi. Ban ga laifinsa ba.

Rana ta uku, a hanyar Tsauni, laka ta cika ƙararrawar, in na danna sai ta ce ƙit ta yi shiru. Hadari ya sake haɗowa, na ruga gindin wata babbar bishiya. Sai da ruwa ya gama dukana na ɗaga kai na ga gawo ne, wanda ko ɗan yaye ya san ba ya da ganye da damina. Ina nan tsugune na jiyo kiran sallar Juma'a daga wani ƙauye can nesa. Na waiga bayan keke, ba kowa sai jiƙaƙƙen ƙunshi. Kwana uku ba wanda ya ja mini riga, ba wanda ya ce mini tsohon banza. Ruwan da ke fuskata a lokacin ba duka ne na sama ba. Tsauni ba ta gan ni ba, nan na juya.

Ran Asabar da la'asar na shigo gari ina tura keke, taya ta yi faci. Mai ɗakin Malam ce ta tare ni, ta ce jiya tun hantsi ya sa farar riga ya zauna a ƙofa yana sauraren ƙararrawa. Mutum biyu suka ce ya zo su kai shi, ya ƙi, wai direbansa na nan tafe. Har aka sauko daga masallaci yana zaune.

Jama'a, masu shekaru irin nawa musamman, in kaɗaici ya dame ku, ku fara duba wanda ke zaune kusa da ku kafin ku buga wa taya iska. Kuma in za ku fita, ko bakin kasuwa ne, ku yi sallama da shi.

Na sami Malam kan dakalina. Kunya ta hana ni ba da haƙuri, sai na hau ba shi labari da fankama, na ce kwana huɗu na yi ina neman abokan arziki. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce shi dai makaho ne, amma ya san inda abokinsa yake zama, ni mai ido biyu ne na tafi nemansa Kurni.