Uwar Hoto da Ƙofa Mai Lamba Sifili

Uwar Hoto ba ta yarda da kowa, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. In ta sayi ƙwai, sai ta ɗaga kowanne ta haska shi a rana. In mai gyaran famfo ya shiga gidanta, a kansa take tsayawa har ya gama, in ya nemi ruwan sha da baya-baya take zuwa ta ɗebo. 'Yan layin shagonta suna cewa ko inuwarta ce ta biyo ta, sai ta juya ta tambaye ta wa ya aiko ta.

Ubanta mai wanki da guga ne, a wurinsa ta koyi yin alama. Kowane mai kaya da launin zarensa, sai tsohon ya ɗinka ɗan ƙulli a cikin kalmasar riga, inda mai rigar ma bai san da shi ba. Da ta auri mai ɗaukar hoto, sai ta tarar da mutum mai zuciyar yara, wanda murmushi ɗaya ya isa ya miƙa maka makullin shago. A shekara ta biyu da aurensu wani mai gyara ya musanya masa gilashin kyamara, bai gane ba sai da fuskokin amare suka fara fitowa kamar an hango su a ƙarƙashin ruwa. Ranar ta sayi kwalbar jan farce, ba don farcenta ba. Duk abin da zai bar shagon zuwa hannun wani, sai ta ɗiga masa ja a wani lungu.

Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin tela da mai sayar da magani. Akwai labule mai zanen teku, kujerar roba ɗaya, madubi da mataji ɗaure da igiya don kada su bi wani gida. A can ƙurya kwamfutar mijinta Marigayi take. Kafin ya rasu ya zaunar da ita wata shida yana koya mata haɗa bidiyon biki, tana zaginsa tana koya. A cikin akwatin kwamfutar akwai wani abu mai fanka biyu da ake kira katin hoto, shi ke ɗaukar nauyin duk abin da ido ke gani a allo. Babur ɗinsa ya sayar ya sayi katin. Shekara shida ke nan da shi take ci, da shi ta aurar da 'yarta Auta.

Mijin Auta kuwa gyaran kwamfuta yake yi a layin baya, Injiniya ake ce masa. Mutum ne mai shiru, in ya zo gaishe ta kansa a ƙasa har ya tashi. Wannan shirun shi ne bai kwanta mata ba. Mai surutu ko ba komai ka san abin da ke cikinsa.

Wata safiya kwamfutar ta ƙi tashi. Auta ta ce, "Mama, ga mai gyara a gida, sai ki kai wa bare?"

"Bare in ya cuce ni ina iya zaginsa."

Duk da haka ta bayar. Sai da ta kwance murfin akwatin, ta ɗiga jan farce a bayan katin, ta hura ya bushe, sannan ta bari aka ɗauka.

Kwana uku Injiniya ya dawo da ita a kafaɗa. Ya durƙusa ya ce manhajar da ke tafiyar da ita ce ta lalace, ya sa sabuwa, amma ya mayar da komai yadda Marigayi ya jera shi. Ya jona wayoyi, allo ya kawo haske, ya yi sallama ya tafi.

Tun a aikin farko ta ji abin bai yi ba. Bidiyon da take gamawa kafin ruwan shayi ya huce, sai ga shi ya ci rabin yini. Amarya tana tafiya a allo tana tsayawa kamar mai ciwon ƙafa. Ta kasa kunne a jikin akwatin, fankokin nan biyu da suka saba huci in aiki ya yi nauyi suna kwance abinsu. Sai ta duba ƙasan allo, inda manhajar bidiyo ke rubuta sunan katin da take aiki da shi. Shekara shida tana ganin suna ɗaya mai tsawo. Yau wani ne, gajere.

Ta kwance murfin. Ɗigon yana nan.

Da wata ce ta ga haka, da hankalinta ya kwanta. Ita zama ta yi a kujerar roba ta zuba wa ɗigon ido. Nata ya yi wannan faɗin? Ba can gefe ta sa shi ba? Kuma wa ya san da zancen ɗigo in ba wadda ta tashi a ɗakinta ba? Wa ke da irin wannan jan farcen a gaban madubinta?

Da yamma Auta ta biyo ta shagon kamar kullum, ta zauna tana cire takalmi.

"Ke, jan farcen nan da kika ɗauka a ɗakina bara, yana nan?"

"Yana nan mana. Kina so ne?"

"Ya ragu?"

Auta ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Mama, me kike son cewa?"

"Ban ce komai ba. Na ba da kati mai dogon suna, an dawo mini da mai gajere, da ɗigona a jiki. Ɗigo dai ba ya tashi da ƙafarsa."

"Wato shi ya sace, ni na shafa masa."

"Ke kika faɗa."

Auta ta mayar da takalminta. Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi damun uwar. A bakin ƙofa ta ce, "Kwana biyu ya rufe shagonsa yana kan kwamfutarki. In ɓarayi ne mu, ai bai kamata mu riƙa shigo miki wuri ba."

Tela yana jin komai, bangon katako ne. Ya leƙo da awo a wuya ya ce, "Uwar Hoto, lafiya na ga Auta ta fita kamar ta taka wuta?" Ita kuwa cikinta ya cika, ta zazzage masa. Kafin sati ya zagayo, daga mai magani har masu facin taya na bakin titi kowa ya san Injiniya yana cire kayan mutane yana sa na banza, har surukarsa bai bari ba. Waɗanda suka kai masa gyara suka je suka karɓo abinsu a kwance. Injiniya ya zo sau ɗaya yana roƙon ta bari ya duba, ta ce hannun da ya taɓa sau ɗaya ya isa. Auta kuwa ko waya ta daina ɗauka.

Shaida take so, wadda za ta ajiye a gaban 'yarta. Ta naɗe akwatin a zane, ta hau mota biyu zuwa can ƙarshen gari, wurin wani tsohon mai gyara da ake kira Mai Tabarau. Shagonsa ƙurar allunan da suka mutu ce har rufi. Tambayar farko da ta yi masa ita ce ko ya san wani Injiniya.

"Baiwar Allah, garin nan duk wanda ya riƙe sukurdireba injiniya ne. Wanne daga ciki?"

Ta ƙi faɗa. Ya jona, ya buga wasu 'yan haruffa a baƙin allo, layi biyu suka fito.

"Katinki na nan."

"Haka za ka ce."

"To zauna. Kin san gidan haya mai maigadi? A cikin manhajar nan akwai wani ɓangare da ake kira karnel, shi ne maigadin. Manhajar bidiyonki ba ta isa ta taɓa kati da hannunta ba. Duk sanda aka kunna kwamfuta, maigadin zai zagaya ya ga su wa ke gidan, ya yi wa kowane kati ƙofa, ya rubuta mata lamba. Mai son aiki ƙofar zai ƙwanƙwasa, maigadi ya shigar da saƙo, ya raba wuri, ya hana biyu su yi kokawa a kan allo ɗaya."

"Kowane kati? Kati ɗaya ne da ni."

"Biyu ne. Akwai ɗan ƙarami da aka haifi kwamfutar da shi, manne yake a ciki. Tsohon maigadi bai kula shi ba, babban ya ba ƙofar farko, mai lamba sifili. Wannan sabon kuwa ƙaramin ya fara gani, sai ya ba shi sifili, babban ya koma ɗaya. Manhajarki kuma an rubuta mata tun da can cewa sifili za ta riƙa ƙwanƙwasawa. Tana zuwa ƙofar da ta saba, ɗan haya ne ya canza."

Uwar Hoto ta kalle shi sama da ƙasa. "Baki dai kun iya shi, ku duka."

Mai Tabarau ya juya ga kwamfutar. Ya kashe, ya zare katin mai fanka biyu ya ɗora mata a cinya, ya kunna da ƙaramin. Layi ɗaya ya fito. Ya kashe, ya karɓa ya mayar, ya kunna. Layi biyu, kuma a gefen na biyun ga dogon sunan nan da ta sani kamar sunan titin gidansu. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta ce ya tashi ita za ta zare da hannunta. Sau uku suka yi, har abin ya fara ba shi haushi.

Daga nan ya gyara layi ɗaya, don manhajar ta riƙa neman katin da gurbin da yake zaune, ba da lamba ba. Amarya ta miƙe tana tafiya sumul, fankoki suka ɗauki huci.

"Wanda ya yi miki aikin nan mai tsabta ne," in ji shi. "Da wani ne, share komai zai yi ya huta. Shi kuwa tsohon tsarin ya kwaso ɗaya bayan ɗaya don ki tarar da kayanki yadda kika saba, sai ya kwaso har da lambar. Kuskurensa ke nan, kuma na masu kirki ne."

A mota ta riƙe akwatin a cinya, tana neman inda za ta kama Mai Tabarau da ƙarya. Har ta sauka ba ta samu ba.

Wurin tela ta fara zuwa. Ta ce katin yana nan, ba a taɓa shi ba, lamba ce ta canza. Tela ya ciji zare, ya yi ɗan murmushi.

"Ai mun gane, Uwar Hoto. Suruki ne. Ko ni ne rufa masa asiri zan yi."

Mai magani ma haka ya ce, har da ƙara mata da cewa ta yi dattako. Shekara talatin tana koya wa layin nan kada su yarda da zancen da ya yi daɗin ji, ga shi sun haddace.

Washegari ba ta buɗe shago ba. Ta ɗauki kujerar robar ta zagaya layin baya, ta dasa ta a ƙofar shagon Injiniya. Yana ciki shi kaɗai, teburinsa wayam. Ya miƙe da sauri zai durƙusa.

"Zauna. Ba wurinka na zo ba, iska nake sha."

Ta zauna nan har rana ta yi tsaka, tana gaida duk mai wucewa da ƙarfi don ya waiwayo ya ga inda take. Ta ce wa mai facin taya daga yau duk abin da ya lalace a shagonta nan za a kawo shi, kuma wanda ya ji wani zance a bakinta ya zo ya maimaita a gabanta. Rana ta biyu ma haka. A ta uku wani malamin makaranta ya tsaya da kwamfutarsa a hammata, ya dube ta, ya dubi shagon, ya shiga.

Da azahar Auta ta kawo wa mijinta abinci. Ta wuce ta gaban kujerar kamar babu kowa a kai, ta ajiye kwanon a ciki. Ta daɗe kafin ta fito, ta tsaya a bayan uwar.

"Kin rufe shago kwana uku."

"Shagona ne."

"Kin ba shi haƙuri?"

"Yana ganina ai."

"Ganinki ba haƙuri ba ne, Mama. Ni kuma fa?"

Uwar Hoto ta gyara mayafinta, tana kallon titi. Can ta ce, a hankali yadda na cikin shagon ba zai ji ba, "Na zalunce ki. Shi ma zan faɗa masa, bari wannan malamin ya fita tukuna, ban yarda da kunnensa ba."

Auta ta juya. Ta shiga ciki ta ɗauko benci, ta ajiye shi ɗan nesa da kujerar, ba kusa sosai ba, ta zauna.